Ranar da Sada Ya Ba da Shaida a Kan Mannir

Shekara tara ke nan da aka kai ƙanena Dakta Mannir makwancinsa a Kankia. Masu yi mini ta'aziyya a lokacin sun ce in yi haƙuri, kwana da tashi zai shafe zafin. Rabi suka faɗa daidai. Mutuwar kam na daɗe da karɓarta, domin Wanda ya ba mu shi ne ya karɓi abinsa. Abin da har yau ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da mutane suka yi masa tun yana da rai. A kansa nake so in yi magana tun da sauran numfashina.

Ni ce yayarsa, uwa ɗaya uba ɗaya, a bayana ya yi wayo. Aure ya kai ni Kusada, a can na yi aikin koyarwa a firamare har na ajiye alli. Ban san aikin likita ba sai abin da kunnena ya tsinta daga bakinsa. Don haka abin da zan faɗa, wanda na gani ne da idona, da wanda shi ya gaya mini, da wanda matarsa Hajara ta shaida.

Ba a daɗe da yanke jihar Katsina ba, Mannir yana sakandare, babban wanmu Yaya Isuhu ya ɗauko gyaɗa daga Kunduru a bayan a-kori-kura. Motar ta faɗa rami, ya wuntsilo ya bugi ƙasa da gefen kai. Da kansa ya miƙe, ya kaɗe rigarsa, har yana tsokanar direba. Ya iso gida da hantsi ya sha fura, ya ce kansa na ɗan sarawa, bari ya kishingiɗa. Inna, mahaifiyarmu, ta ce kowa ya yi shiru a bar shi ya huta. Da la'asar aka je tashinsa salla, sai wani irin minshari yake yi. Kafin a samo mota ya cika.

Mannir ya dami kowa da tambaya. Mutumin da ya yi dariya, ya sha fura, me ya kashe shi? Aka ce kwanansa ne ya ƙare. Ya ce ya yarda, amma ta wace hanya? Sai bayan shekaru, yana jami'a, ya zo hutu ya same ni a Kusada ya ba ni amsar. Wata jijiya ce ta tsinke a ƙarƙashin ƙoƙon kai, jini yana taruwa a hankali yana danne ƙwaƙwalwa. Ya ce, "Yaya, da akwai wanda ya san ya buɗa idonsa, da ya ga ƙwayar ɗaya ta fi ɗaya faɗi. Barcin nan da muka bar shi ya yi ba barci ba ne." Sannan ya roƙe ni kada in taɓa gaya wa Inna. Ban kuwa gaya mata ba.

Abin da ya bi ke nan har ƙarshen rayuwarsa. Ya gama karatun likita, ya ƙara wasu shekaru yana ƙwarewa, har ƙasar waje ya je, ya dawo. Da labari ya bazu cewa ɗan gidanmu ya zama likitan ƙwaƙwalwa, sai aka fara kawo masa masu taɓin hankali ƙofar gida duk ran da ya zo. Inna ma ta kira shi gefe ta ce, "Kai kuwa Mannir, duk karatun ga mahaukata za ka riƙa dubawa?" Ya yi dariya har da hawaye. Ya ce, "Inna, nawa su ne waɗanda suka bugu a ka, da waɗanda jini ya ɓalle musu a ka farat ɗaya. Irin Yaya Isuhu." Inna ta ce Allah ya ba da sa'a.

Yakan ce bugun farko ba nasa ba ne, ya riga ya faru a kan titi ko a gona. Aikinsa shi ne hana bugu na biyu, wato kumburin da ke biyo baya, da rashin isasshen numfashi, da jinin da ke taruwa ba a sani ba. Na taɓa kwanciya jinyar wata maƙwabciyata a wurinsa, na ga yadda yake yi. Ya sunkuya ya kira sunan mutum a kunne, ya matsa masa farce ya ga ko zai janye hannu, ya haska ido da 'yar tocila, ya gyara tsayin matashi da hannunsa. Shi ke cewa yanzu a kira likitan tiyata, ko kuwa a dakata. Mutum kwance kamar gawa, amma sai ya yi masa sallama kafin ya taɓa shi.

A wani babban asibiti yake aiki. Ba zan ambaci sunansa ba, ba zan ma ambaci garin ba. Da ya je babu ɗakin da aka ware wa irin waɗannan majinyata. Shi ya yi ta naci, ofis zuwa ofis, har aka ba shi wani ɗaki da gadaje kaɗan. Shi ya koyar da nas-nas ɗin wurin ɗaya bayan ɗaya. Kuma shi ya jawo Sada ya zama mataimakinsa.

Sada ba sunansa na gaskiya ba ne, amma ya san kansa. Ɗan Kusada ne, maƙwabcin gidan mijina. Da ya samu sakandare a Kankia ba shi da masauki, na kai shi gidanmu. Ɗaki ɗaya suka kwana da Mannir, kwano ɗaya suka ci. Mannir na gaba da shi da aji, shi ya riƙa jan sa har jami'a. Ranar ɗaurin auren Sada, Mannir ne ya karɓa masa. Inna kuwa ba ta taɓa raba su a addu'a ba, "Mannir da Sada" take cewa kamar suna ɗaya.

Ga yadda abin ya faru. An kawo wani manomi daga Fakuwa ta ƙasar Kankia, Malam Haruna, san huɗa ya tunkuye shi a ka. Aka yi masa aiki, aka ɗora shi a kan na'urar da ke yi wa mutum numfashi. A lokacin ita kaɗai ce mai aiki a ɗakin, sauran sun lalace ana jiran gyara. Mutumin ya fara nuna alamar dawowa, yana motsa hannu in an kira shi, amma bai iya numfashi da kansa ba tukuna. Ana cikin haka da rana tsaka aka shigo da wani saurayi, ɗan wani babban mutum, motarsa ta ƙwace ta daki bishiya. Mannir da Sada suka duba shi tare. Ƙwayar idonsa duka biyu sun buɗe ba sa motsi, babu numfashi, babu wata alama da suka nema suka samu. Sada ne ma ya fara ɗagowa ya ce, "Yaya Mannir, wannan sai addu'a."

Shugaban asibitin ya sauko da kansa. Ya ce, "Dakta, ka san ko ɗan wane ne. A sa shi a na'ura."

Mannir ya ce, "Na'ura ɗaya ce, ranka ya daɗe, kuma da mutum a kanta."

"A riƙa busa wa wancan da hannu mana, kafin a ga abin da hali zai yi."

"In na cire shi zai iya mutuwa. In na sa wannan ba zai tashi ba. Gawa biyu za mu yi."

Bai yasar da saurayin ba. Akwai wata jakar roba da ake matsawa da hannu tana tura iska cikin huhu, da ita suka yi ta karɓa-karɓa, shi da Sada da nas-nas, har zuciyar yaron ta tsaya kafin magariba. Mannir ne ya fita ya zaunar da uban ya gaya masa. Ya ce mini mutumin kuka kawai ya yi, har ya yi musu godiya. Sai bayan addu'ar uku 'yan kanzagi suka kai masa labari cewa ai akwai na'ura, likita ne ya hana ɗansa ya bar ta a kan ɗan garinsu. Uban da ya rasa ɗa ba na ganin laifinsa. Wanda wuta ke ci a ciki, duk abin da aka miƙa masa zai kama.

Aka kafa kwamitin bincike. Ana saura kwana kaɗan a zauna, Mannir ya biyo ta Kusada, na zuba masa dambu, ya ci har ya nemi ƙari. Ya ga hankalina a tashe ya ce, "Yaya, ki kwantar da ranki. Ba ni kaɗai na duba yaron nan ba. Sada na wurin."

Sada kuwa yana wurin. Ranar zaman kwamitin aka tambaye shi, da an sa yaron a na'ura zai rayu? Ya ce, "Allah ne masani. Ba zan iya cewa ba zai rayu ba." Aka tambaye shi ko Dakta Mannir ya san mutumin da ke kan na'urar. Ya ce, "Mutumin yankinsu ne. 'Yan'uwansa sukan zo gidansu gaisuwa." Shi ke nan shaidarsa. Ku duba da kyau, babu inda za a kama shi da ƙarya. Allah ne masani, wa zai musa? Kuma wane ne a ƙasar Kankia, daga Tafashiya har Fakuwa, da danginsa ba su taɓa zama a zaurenmu suna jiran Dakta ba? Gaskiya biyu ya ɗauko ya gina ƙarya da su. Abin da ya faɗa da bakinsa a kan gadon yaron, wannan bai maimaita ba. Wata nas da ta nemi a saurare ta, ba a kira ta ba. Mannir ya ce mini duk tsawon zaman yana neman su haɗa ido, Sada takalminsa yake kallo.

Rahoto ya fito, ya ce sakaci da nuna bambanci. Aka ɗauke shi daga ɗakin da ya kafa, aka tura shi wani ofis inda babu majinyaci sai kujera da fanka. Aka ba Sada shugabancin wurin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba Sada kaɗai ba ne, kada in yi masa rashin adalci. Akwai manyan garinmu da kullum suke tura masa mutane, "ka je ka ce ni na aiko ka," bai taɓa mayar da kowa ba. Na ɗauki mayafina na je wurin shugaban ƙungiyar ci gaban gari, mutumin da Mannir ya taɓa tsayawa a kan matarsa har ta miƙe. Na ce su je su yi magana, ko da a sake sauraren nas ɗin nan ne. Ya gyara zama ya ce, "Malama, faɗan da ya fi ƙarfinka ai wasa ake mai da shi. A bar wa Allah." Na tashi na fito. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, a ranar na san ma'anar wannan magana.

Bai jima a ofishin ba ya ajiye aiki ya dawo Kankia. Abokansa na waje sun yi ta kira ya koma, ya ce Inna ta tsufa. Ya buɗe wani ɗan ƙaramin wurin duba marasa lafiya, zazzaɓi da gudawa da hawan jini, aikin da bai kai rabin abin da ke kansa ba. Ranar kasuwa sai ya je tasha ya tara direbobi da 'yan acaba. Kada ku ɗura wa wanda ya suma ruwa. Kada ku naɗe shi ku cusa a bayan mota, ku samo ƙyaure ko katako, mutum ɗaya ya riƙe wuya. Wanda ya bugu a ka, ko da ya tashi yana dariya, in ya fara amai ko barci ya rinjaye shi, ku ruga asibiti. A kan hular kwano suka fi ba shi wahala, wani ya ce zafi, wani ya ce an ce in ka sa hular da ba taka ba sai ka ɓace. Yakan ce, "Ni dai waɗanda na ga sun ɓace, marasa hula ne."

Abin da ya fi ci mini rai a shekarun nan shi ne wannan. In aka kawo masa wanda ya bugu a ka, ba shi da kayan da zai riƙe shi, dole ya tura shi ɗakin nan, hannun Sada. Sai in ga ya ɗauki waya ya kira shi, ya yi masa bayanin majinyaci dalla-dalla, idonsa kaza, numfashinsa kaza, ya ce na gode, ya kashe. Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Kai wane irin mutum ne? Ba ka da zuciya?" Ya dube ni ya ce, "Ina da ita, Yaya, tana ma ciwo. Amma marar lafiyar bai ci amanata ba."

Malam Haruna ya rayu. Yana jan ƙafa ɗaya, amma yana noma. Duk kaka sai ya zo da damin gero. Da ya fahimci abin da aka yi wa Dakta saboda shi, ya zauna a ƙasa ya ce, "Dakta, da ka cire ni ai da ba ka shiga wannan ba. Ni mi nike?" Sau ɗaya ke nan na ga Mannir ya ɗaga murya ga majinyaci. Ya ce kada ya ƙara faɗar haka, ko a gabansa ko a bayansa.

Zuciyar ce kuwa ta ɗauke shi. Wata safiya ya gama duba mutane, ya zauna ya dafe ƙirji, kafin azahar an gama. Bai kai hamsin ba. Ba zan ce Sada ne ya kashe shi ba, ajali ɗaya ne, kuma ina tsoron Allah. Amma Hajara ta san mutumin da ta aura, ta kuma san wanda ya dawo mata daga zaman kwamitin nan, ta ce ba ɗaya ba ne. Sada ya zo jana'iza, aka ce mini a sahun gaba ya tsaya yana sharar hawaye. Ya shigo cikin gida ya durƙusa gaban Inna, ita kuwa mun ɓoye mata komai. Ta dafa kansa ta ce, "Sada, ɗan'uwanka ya tahi ya bar ka. Allah ya yi maka albarka." Ina tsaye ina ji. Har ta koma ga Allah tana sa masa albarka.

Nakan tambayi kaina me Mannir zai ce da zai ga yau. An ce na'urori sun ƙaru a asibitoci, har hoton cikin kai ana ɗauka ba sai an yi doguwar tafiya ba. Wannan zai faranta masa. Amma na san ransa zai ɓaci in ya ga yadda ake yin haɗari a hanyar Kano, samari su kewaye mutum yana shure-shure, kowa ya ɗaga waya yana ɗaukar hoto. Yaran likitocin da ya koyar kuwa, da yawa sun tsallaka ƙasashen waje. Shi zai ce su dawo, gida gida ne. Ni kuwa zan ce masa sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta ne suka shafa wa nasu ruwa. Da mun yi musu har a kira salla, kamar yadda muka saba.

Bayan ƙaramar sallar da ta wuce wasu mutum uku suka zo mini Kusada daga asibitin. Wai an gyara ɗakin nan, an faɗaɗa shi, za a sa masa sunan Mannir, ana so iyalinsa su halarta. Na ce madalla. Na ce to rahoton fa, wanda ya ce ya yi sakaci da nuna bambanci, an janye shi? Suka dubi juna. Babbansu ya ce, "Hajiya, ai wannan tsohon zance ne, tone-tone ba shi da amfani." Na ce ku gaishe da waɗanda suka aiko ku. Ba za a rubuta sunansa a bango a bar laifinsa a aljihun tebur ba, in je in tafa. Hajara ma haka ta ce musu.

Bayan kwana biyu sai ga Sada shi kaɗai, babu direba. Ya yi furfura. Ya zauna a bakin tabarma ya ce, "Yaya, ni na kawo shawarar sa sunan. Abin da zan iya ke nan. Ki yafe mini."

Na ce, "Ba ni ka yi wa ba, Sada. Amma akwai abin da za ka iya wanda ya fi wannan. Ranar taron ka tashi ka faɗi abin da ka ce a kan gadon yaron nan."

Ya ce, "Yaya, ina da iyali."

Na ce, "Shi ma yana da su."

To, me ya rage na Mannir bayan shekara tara? Akwai mutanen da ke yawo da ƙafafunsu a kasuwannin Kankia da Kusada waɗanda da an daɗe da mantawa da kabarinsu. Akwai tsofaffin direbobi a tasha da har yau in aka yi haɗari sukan daka tsawa a nemo katako, yaransu na koyi da su ba su san daga inda abin ya fito ba. Akwai 'ya'yansa huɗu, masu kunya irin tasa. Wannan duk babu kwamitin da zai iya ƙwacewa. Amma akwai kuma rahoton nan, yana nan yadda aka rubuta shi, kuma babbar 'yarsa da ke karatun likita yanzu ta taɓa jin wani malaminta ya ambaci zancen a aji, bai san ɗiyar wane ce ke zaune a gabansa ba. Ta kira ni tana kuka tana tambaya ko gaskiya ne. Na ce ƙarya ne, amma ni malamar firamare ce, maganata ba ta da nauyi a wurin da ake auna irin wannan.

Taka ce ke da nauyi, Sada. Likita biyu ne suka haska idon yaron nan a ranar. Ɗaya yana maƙabartar Kankia. An ce mini kana karanta wannan jarida, kuma an ce ba a riga an sa ranar taron ba.